Gurbin Muryar Baffa

A ƙarshen shekarun casa'in, ina malamin dabbobi a Tudun Wada, aka kawo mana kwamfuta ofis. Ni kam ban yi murna ba. Mun gaji da roƙon a gyara mana firjin ajiye allura, sai ga wani akwati mai shan man janareto. Wanda ya yi murna shi ne abokin aikina, wani siririn mutumin Bebeji da ya yi ɗan kwas a birni, ya dawo yana yi mana kallon tausayi.

Shi ya samo darussan kiwon dabbobi a intanet. Mu ba mu da layin waya, don haka Kano yake zuwa ya kwafo shafukan a ƙananan faya-fayai, ya taho da su a aljihun gaba kamar laya. Ranar kasuwa samarin makiyaya kan shigo kallo. Da suka ga shanun da ke ciki, ƙartai marasa tozo, dariya suka yi har da riƙe ciki. Abin ya yi wa abokina zafi, ni kuwa na taya su dariya.

Daga ranar ya zauna gyara. Ashe kowane shafi yana da baya, wani rubutu cike da alamomi kamar sawun kaji, kuma shi ne ke faɗa wa shafin abin da zai nuna. Can yake shiga ya cire Turanci ya sa Hausa. Ya je Kiru ya ɗauko hoton fararen shanunmu, ya kai birni aka zuba masa su a faifai, ya dasa su inda na Turawa suke. In ya manta alama ɗaya, sai shafin ya hargitse, saniya ta hau kan rubutu. Nakan ce masa, “Malam, yau ma ta ɓalle?” Ba ya ko ɗago kai.

Sai dai yawancin makiyayan da muke son koya wa ba sa karanta boko. Nan ya ce a sa murya. Muka roƙi wani dattijo daga rugar da ke hanyar Doguwa, wanda kowa ke kira Baffa, ya zo ya yi bayanin ciwon hanta da haɗarin kiwo a fadamun bakin ruwan Tiga. Ya zauna gaban makirifo yana gyara rawani kamar za a ɗauke shi hoto. Ya yi magana da Fulatanci yana tsarma Hausa, a tsakiya kuma dariya ta ƙwace masa, don ya rasa wa zai kalla. Abokina ya buɗe wa muryar gurbi a shafin, da ɗan madanni. Kana dannawa, sai Baffa ya yi sallama. Ranar na daina yi masa ba'a, ko da yake ban faɗa masa ba.

Ya taɓa yi mini bayani cewa muryar ba cikin shafin take ba. Tana ajiye daban a cikin kwamfutar, shafin kiranta kawai yake yi. Shafukan duk ya kwafe su a faya-fayai, amma muryar ta fi ƙarfin ɗan faifai, kuma ba mu da wani abin ajiya.

Da damina aka yi tsawa, kwamfutar ta ƙone. Masu gyara a Kano suka canja mata ciki. Shafuka suka dawo, hotuna suka dawo, gurbin Baffa kuwa sai fili mai ruwan toka, da madanninsa a ƙasa. Muka ce ba komai, in ya shigo kasuwa a sake ɗauka. Kafin kaka Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan matarsa ta fita takaba, wata ranar kasuwa da hantsi, sai ga ta a bakin ofis. Tsohuwa ce doguwa, ba mai yawan magana ba. Muka gaisa, muka sake yi mata ta'aziyya.

“An ce akwai bayanin ciwon hanta a akwatin nan,” in ji ta. “Maraƙina ne ba ya jin daɗi.”

Na san an riga an raba shanun, 'ya'yan sun kora su gaba, ba ta da ko ɗan maraƙi. Amma mace irinta ba za ta buɗe baki ta ce muryar mijinta ta zo ji ba, ko sunansa ba ta kamawa. Na kalli abokina, na ga shi ma ya gane. Ban taɓa jin tausayin mutum biyu lokaci ɗaya kamar ranar ba.

Abokina ya tayar da janareto, ya ba ta kujera, ta ƙi, ta zauna a tabarma. Ya buɗe shafin.

“Inna,” ya ce, “tsawa ta ƙona mana abin da muka ɗauka. Muryar ba ta nan. Sai dai in karanta miki abin da na rubuta.”

Ta ƙura wa gilashin kwamfutar ido. Can ta nuna filin nan da yatsa.

“A nan take zama?”

“A nan take zama, Inna.”

“In an taɓa wancan take fitowa?”

“Da can, haka ne.”

“To, taɓa.”

Na buɗe baki zan ce ba amfani, ya girgiza mini kai. Ya danna. Ba abin da ke tashi sai ƙarar janareto a bayan ofis. Ta karkatar da kai, ta janye mayafi daga kunnenta.

“Ƙara taɓawa, ɗana.”

Ya ƙara. Ni dai fita na yi na tsaya a baranda, don ba zan iya kallo ba. Daga nan ina jin ƙarar dannawar, yana yi yana dakatawa ta saurara, bai fasa ba har sai da ta ce masa ya isa haka, Allah ya yi masa albarka.