Ranar da na cire ƙwallon maus

Akwai wata safiyar Juma'a da ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina, duk da cewa abin da na ɗauke a ranar bai fi ɗan kanya girma ba.

A lokacin ina aikin buga takardu a wani shago a Lokuwa. Mai shagon dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, kowa Baba yake ce masa. Shekarata tara ina kan tafireta, kuma ba yabon kai ba, ɗalibai sukan bi layi su jira ni ko da akwai wasu shagunan a buɗe. Ina bugu ina hira, idona na kan rubutun mutum, ba na duba yatsuna. Ni na kawo 'yar ƙanwar mahaifiyata daga Sahuda, na roƙi Baba ya ɗauke ta tana haɗa takardu tana ɗinke su. A ɗakina take kwana, kwanonmu ɗaya. Adda take ce mini.

Sai wata rana Baba ya dawo daga Yola da kwalaye uku a bayan mota. Kwamfuta ce, irin mai ƙaton ƙeya, fara da ta soma komawa ruwan madara don tsufa, in an kunna ta sai ta yi gurnani da ƙyafta ido kafin ta farka. Yaran yanzu da ke yawo da duniya a aljihu ba za su gane yadda muka ɗauki abin nan ba. Baba ya yanka mata ɗaki da falanki, ya shimfiɗa leda, ya ce ba mai shiga da takalmi. Fankar da na yi shekaru ina roƙo a saya mini, rana ɗaya aka sayo ta, aka juya fuskarta wajen na'ura. Har cewa ya yi mai mura kada ya matso, domin ya ji an ce kwamfuta tana kamuwa da ƙwayar cuta.

Ban taɓa shakkar cewa ni za a ɗora a kai ba. Har sabon ɗinki na yi. Amma Baba ya dubi hannuna ya ce, "Ke kin saba dukan tafireta kamar mai sussuka, za ki farfasa mata haƙora. Ƙanwarki hannunta da laushi, ita za ta je ta koyo."

Na yi dariya tare da kowa. A ranar ban ci tuwon dare ba.

Wata biyu ta yi tana koyo, ta dawo ta zauna a ɗakin falanki, fanka na kaɗa mata ɗankwali. Ɗaliban da ke jirana suka fara wuce teburina da "Sannu Anti" kawai. In na yi kuskure sai na shafa farin ruwan gyara in hura in jira ya bushe, ita kuwa maɓalli ɗaya take taɓawa kuskuren ya ɓace kamar ba a yi ba. In ba aiki, ta buɗe wasan karta, ko ta bar wasu kifaye suna iyo a gilashin, mutane su taru a taga suna kallo. Yarinyar nan ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Sau biyu ta ce, "Adda, zo in nuna miki." Na ce ba ni da lokacin wasan yara. Ƙarya nake. Da wutsiyar ido nake bin duk abin da take yi, har na ga yadda take kifa maus, abin nan da ake ja a kan tebur, ta murɗe wani zobe a cikinsa, ta fito da ƙwallon roba ta goge masa datti ta mayar.

Ranar Juma'ar na riga kowa zuwa. Na shiga ɗakin da takalmina, na murɗe zoben, ƙwallon ya faɗo tafina da nauyinsa. Na rufe zoben yadda yake, na ƙulle ƙwallon a bakin zanina na soke a ƙugu. Abin da nake so kawai in ga ta daburce na yini ɗaya, Baba ya tuna akwai ni.

Ban san da zuwan wani ɗalibi ɗan wajen Michika ba. Babi huɗu na aikinsa na kammala karatu suna cikin na'urar, ba a fitar da su a takarda ba, malamin da zai sa masa hannu kuwa zai bar gari da azahar, ba zai dawo ba sai an rufe karɓa. In ya rasa ranar, sai wata shekara. Ƙanwata ta kunna, ta ja maus, 'yar kibiyar da ke gilashin ta ƙi motsi. Ta cire waya ta mayar, ta kashe ta kunna. Ba ta kawo ƙwallo a ranta ba, tunda zoben a rufe yake, kuma a makarantarsu ba a koya musu aiki ba tare da maus ba. Mai gyara kuwa sai Yola.

Baba ya hau faɗa. "Na san za a yi haka! Wasan karta kika mayar da ita. In ta mutu, ki tattara ki koma Sahuda." Sannan ya juyo gare ni ya faɗi abin da na yi wata da watanni ina jira: "Ke, taimaka mana da tafiretarki."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na gyara zama, na zura takarda. Sai ɗalibin ya miƙo mini rubutun hannunsa, shafi kusan saba'in. Ko yatsu ashirin gare ni ba zan gama kafin azahar ba. Ya durƙusa a gaban teburina, ƙato da shi, ya ce da irin Hausarsa, "Anti, ka taimake ni. Babana ya gaya wa dukan ƙauye na gama." Ta cikin taga ina hango ƙanwata tana share hawaye da bayan hannu, tana ta jan maus a banza. Ƙullin nan kuwa yana tokare mini ƙugu.

Da zan iya cewa na miƙe na faɗi gaskiya, da na fi son labarin nan. Ban yi ba. Sai da na ɓata kusan awa guda ina bugun da na san ba zai kai ko'ina ba, sannan na ce bari in duba musu wayoyin ƙasa. Na sunkuya ƙarƙashin tebur, na kwance ƙullin, na ɗago ina cewa, "Wannan fa, ba na cikinta ba ne?"

Ta karɓa, ta dube shi, ta dube ni, ta mayar da shi. Kibiya ta motsa. Firinta, na'urar da ke fitar da rubutu a takarda, ta kama kukanta mai kama da zarto, ni da ita muka haɗa shafukan, ɗalibin ya haye acaɓa da takardu a ƙirji. Daga baya muka ji a tasha ya cim ma malamin, a kan bayan mota aka sa masa hannu. Baba kuwa ya yi ta sa mini albarka a gaban mutane, wai tsohon hannu daban ne. Ban taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba.

Da yamma muna tafiya gida a ƙasa, sai ta ce, "Adda, ƙwallon nan ba ya faɗowa sai an murɗe zobe. Kuma da ɗumi kika ba ni shi."

Na ce, "To me ya hana ki gaya wa Baba?"

Ta ce, "In ya kore ki, wa zan bi in zo aiki? Ni ba kujerarki nake so ba. Shafi ɗaya nake bugawa kina buga uku, kullum tsoro nake kada a gane."

A bakin hanya na tsaya na yi kuka, masu wucewa suna kallo. Washegari na cire takalmina a ƙofar ɗakin falanki na ce ta nuna mini. Cikin sati uku na iya, ita kuma na koya mata bugu ba tare da kallon yatsu ba. Baba ya rasu bai san abin da ya faru ba, wannan kuma yana damuna har yau.

Abin da na koya shi ne, hassada ba ta tsayawa a kan wanda aka nufa da ita. Na auna ƙanwata, na kusa kayar da bawan Allah wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Kuma duk tsawon watannin nan, abin da nake ƙyashi a hannunta miƙo mini shi take yi, ni ce na ga sata ta fi mini sauƙi a kan in buɗe baki in ce wa ƙaramata, "Koya mini."