Binyaminu, Ba Talle Ba

Ranar wata Laraba cikin kaka, shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, aka ɗora Innarmu a kan amalanken shanu za a kai ta likita a Korgom. Kwana biyu ke nan tana naƙuda, ungozoma ta yi iya yinta, an sha rubutu, abu ya ƙi. Kaka, mahaifiyar Inna, ta hau ta ɗora kan 'yarta a cinya. Ni aka ce in tsaya gida in kula da awaki, amma na ɗauki buta na bi su a baya, ba wanda ya samu sukunin kora ta. Rairayi ya yi zafi, ƙafafun amalanke suna nutsewa, Baba yana turawa da kafaɗa. Hagu da dama an gama yankan gero, sai kara a tsaye da dammuna a jere. Ba mu ci rabin hanya ba Kaka ta ce a tsaya. A gindin wani gawo aka kare Inna da zane, ta haihu. Da na ji kukan jariri har tsalle na yi don murna. Na ga jini yana ɗiga ta tsakanin katako yana shiga rairayi, amma ban san abin da yake nufi ba. Kafin la'asar aka juya kan shanu zuwa gida, Kaka rungume da jariri, Inna kuma an rufe mata fuska.

A garinmu, yaron da uwarsa ta rasu ta bar shi jariri Talle ake ce masa, kuma tun kafin kwana bakwai mata masu zuwa gaisuwa suka fara cewa, "Ina Tallen? Allah ya raya." Duk Baba yana ji. Ranar jajibirin suna ya aike ni in kira Liman, na kai musu ruwa a zaure na raɓe bayan zana. Baba ya ce yana son suna mai nauyi, wanda zai danne wancan. Liman ya ce, "Ka sa masa Binyaminu." Ya ce shi ne autan Annabi Yakubu, ƙanen Annabi Yusuf uwa ɗaya uba ɗaya. A Alƙur'ani ba a kama sunansa ba, ɗan'uwan Yusuf kawai aka ce, amma masu tafsiri sun kawo sunan, sun kuma ce wajen haihuwarsa uwarsa ta rasu, uban ya riƙe shi kusa da zuciyarsa har ba ya son ya yi nisa da shi. Baba ya tambayi ma'anar sunan. Liman ya ce, "Ba Larabci ba ne, harshen Bani Isra'ila ne. Fassararsa ban sani ba, ba zan yi maka ƙarya ba." Washegari aka yanka rago ba kiɗa ba guɗa, Baba ya tsaya tsakar gida ya ce, "Duk mai cin tuwon gidan nan, Binyaminu zai kira shi."

Daga ranar lakwal ta ƙare mini. Malaminmu ya zo har sau biyu yana roƙon Baba, ya ce ina da kai, Baba ya nuna masa jaririn ya ce, "To wa zai goya wannan?" Kaka ta dawo gidanmu da zama, amma bayanta ya riga ya sunkuya, don haka komai a kaina ya faɗo. Ni ce tatsar jar akuya da sassafe, in dafa madarar in ɗura masa da ƙaramin ludayi, rabi ya shiga rabi ya zube. Ni ce surfe, ni ce daka, ni ce jan guga a rijiyarmu mai zurfi har tafin hannuna ya yi kanta, ni ce neman itace a cikin sabara, duk yana bayana yana tsotsar bakin zanena. In 'yan ajinmu sun taso da rana suna rera karatun Faransanci, sai in shige bayan rumbu kada su gan ni. Ranar kasuwa 'yan mata suna gaɗa a dandali, ni ina gefe ina jijjiga shi. Ina son yaron, wannan ba shakka. Amma akwai wani abu mai ɗaci da ya zauna mini a ƙirji, kuma kullum ƙaruwa yake.

Kaka ba ta taɓa iya faɗin sunan ba, ko kuma ba ta so. In Baba yana gida sai ta ce "yaron nan", in ya fita gona sai ta ce Talle. Ita da ta rasa 'yarta, ba ta son a yi kamar ba a yi komai ba. A hankali ni ma na ɗauka. In ya kyauta mini Minu ne, in ya ɓata mini rai Talle ne. Wata rana Baba ya shigo da fartanya a kafaɗa ya ji ni. Bai dake ni ba. Ya dube ni kawai, ya ture kwanon tuwon da na kai masa, ya tafi masallaci.

Daminar da yake gab da cika shekara biyar, wata rana da hantsi, na ɗauko furar Baba zan kai gona, yana biye da ni. Ya hango fara ya zabura zai kama, ya bangaje ni, ƙwarya ta faɗi ta fashe, furar da na sha wuyar dakawa ta bi ƙasa. Na daka masa tsawa da wancan sunan. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Yaya, wai mene ne Talle?" Na ce, "Wanda uwarsa ta mutu saboda shi." Bai yi kuka ba. Ya durƙusa yana tattara sakainar ƙwaryar, can ya ɗago ya ce, "To in na mutu za ta dawo?" Na fizge hannunsa muka koma gida in sake dama wata.

Sati uku bayan haka zazzaɓi ya kama shi, irin na damina mai sanƙarar da yara. Kwana biyu ya yi, ran na uku da azahar ya cika a cinyata. Sau da yawa a cikin kwanakin na buɗe baki in ce masa ƙarya na yi, sai in ga Kaka a zaune in fasa, ina cewa bari ya warke tukuna. Baba da kansa ya ɗauke shi a hannu cikin 'yar tabarma. A bakin zaure wani dattijo ya ce, "Allah ya jiƙan Talle." Baba ya tsaya da gawar a hannunsa, ya ce, "Binyaminu." Sannan ya wuce.

Na girma, na yi aure a Tasawa, na samu aikin shara da wanki a ɗakin haihuwa. Akwai wata ungozoma Kirista 'yar kudu da muke shiri da ita. Wata rana muna cin abincin rana ta tambaye ni 'yan'uwana, na ambaci sunan. Ta ce, "Kin san labarinsa a Attaura kuwa?" Ta ce a kan hanya naƙuda ta kama Rahila, matar Yakubu, kuma da ta ji ranta na fita sai ta kira jaririn Ben-oni, wato ɗan baƙin cikina. Uban ya ƙi. Ya ce sunansa Binyamin, ɗan hannun dama, hannun ƙarfi da albarka. Na ajiye cokali na fita bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba ran jana'izarsa. Baba ya riga ya rasu a lokacin. Bai taɓa jin wannan fassarar ba, amma abin da ya yi shekara biyar yana yi ke nan shi kaɗai, ni da Kaka muna warware masa.

Yanzu in na je garinmu, babura ne ke zirga-zirga a hanyar Korgom, mace na fara ciwo a buga waya a zo a ɗauke ta. Duk da haka akan kawo mana wasu ɗakin haihuwa a makare, jariri ya rayu uwa ta tafi, in ji dangi a bakin ƙofa sun fara laƙaba masa sunan nan tun bai sha ruwan duniya ba. Nakan bar tsintsiya in je in roƙe su su jira ranar suna. Wasu su ji, wasu su dube ni kamar wadda ta taɓu. Yaro yana jin abin da ake kiransa da shi, kuma yana yarda.