Haruffan Jelani Mai Gem

Duk wanda ya taso kusa da tashar Jega ya san shagon Jelani mai gem, inda yara ke buga wasan na'ura. Ni teburin namana na jingine da bangonsa, na sha hayaniyar na'urorinsa har kunnena ya saba. Shi kuwa bawan Allah wasan bai dame shi ba. Rubutun da ke fitowa a tsofaffin gem ɗin nan, masu haruffa kamar an jera bulo, shi ne ya tafi da hankalinsa.

Sai ya ɗauri aniyar ƙera nasa haruffan, don ya sa su cikin wasan dara da yake haɗawa da Hausa a wata tsohuwar kwamfuta. Kowane harafi da 'yan ƙananan gidaje irin na dara yake tsara shi, gida-gida yake cika su, ya goge, ya sake. Nakan ce masa, "Kai Jelani, mutane na noman albasa a Aliero suna gina gidaje, kai kana gina harafi!" Sai ya yi dariya ya ce, "Gambo, wanga ya fi yankan nama wuya."

Ciwon suga ne ya shiga idonsa. Bai kai rabin aikin ba gani ya fara dushewa, kuma wallahi ba makantar yake tsoro ba, tsoronsa kar aikin ya tsaya a hanya. Ya ƙara girman gidajen har harafi ɗaya ya cika fuskar kwamfutar. Daga baya wannan ma ya gagara.

Ƙanwarsa Kulsum, wadda ke aure a Kimba, gwanar ɗinkin hula ce, kuma ɗinkin hula ai ƙirgen gida ne. Ta ce ya riƙa faɗa mata gidan da za a cike da wanda za a bari, ita ta ɗinka masa da zare mai kauri a ƙyalle, ya shafa ya gyara. Duk ranar kasuwa tana zuwa. Har faɗa suke yi, shi yana cewa ta ƙara gida, ita tana rantsuwa ba ta ƙara ba.

Bayan damina ta kawo ƙyallen harafi na ƙarshe. Ina tsaye a ƙofa ta miƙa masa ta ce, "Yaya, ga shi, an gama."

Ya ɗora a cinya, ya bi da yatsu a hankali, ya daɗe yana bi. Ya ce, "Madalla Kulsum, wanga ya fi su duka kyau."

Ashe ciwon ya riga ya kashe masa yatsu, mu ba mu sani ba. Ƙyallen a naɗe yake, inda babu zare ko ɗaya yake shafawa. Kulsum ta dube ni, hawaye na zuba. Na koma teburina, raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa ɗaga wuƙa.