Gishirin da Yaya Rakiya Ta Ƙara a Miyata

A watan Rajab ɗin nan yayata Hajiya Rakiya ta cika shekara shida da rasuwa. Mutanen Yakasai sun fi saninta da Hajiya Mai Tukwane. Ni Dije, ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, ni na rubuta wannan da hannuna. Sai da na aurar da 'ya'ya biyu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka in baƙaƙen sun karkace edita ya miƙe su, amma kada ya taɓa mini magana. Ba yabon mamaci ya kawo ni ba. Na zo in faɗi yadda na yi shekara uku ina gaba da ita.

Yaya ta tafi Makka a ƙasa tare da mijinta tun ina amarya. Mijin ya rasu a can, ita kuwa ta zauna shekara goma sha ɗaya tana girki a wani gida da alhazan gabas suke sauka. Larabawa duk Jawa suke ce musu, amma waɗanda ta fi sabawa da su sun ce ƙasarsu Filifin, tsibirai ne a tsakiyar teku. Akwai wata dattijuwarsu, Sitti Amina, wadda ita ma zaman Makkan ya riƙe. Murhu ɗaya suka yi da Yaya duk shekarun nan. A wurinta ta ga mutanen da suke cin shinkafa safe da rana da dare, in ba a sa shinkafa ba su ce ba su ci abinci ba. Mu a nan birni a lokacin shinkafa sai salla, sai biki.

Bayan yaƙin duniya ta dawo, ba miji ba ɗa. Ni na ce a gidana za a yi mata sannu da zuwa. Na tuƙa tuwon shinkafa, na yi miyar taushe da kabewa da naman rago, irin miyar da na san ba a raina ta. Uwar mijina tana zaune, matan maƙwabta sun cika tsakar gida. Yaya ta kai loma ɗaya, ta ɗaga kai.

"Dije, miƙo mini gishiri da yaji. In da lemon tsami a haɗo."

Aka kawo. Ta zuba a ɗan ƙoƙo, ta matse lemon, ta gauraya, ta dinga dangwala tana ci. Uwar mijina ta juya wajen maƙwabciyarmu, da muryar da kowa zai ji ta ce, "Ashe dai ba mu kaɗai muke jin lamin ba."

Maza masu karanta jarida ba lalle su gane ba, to bari in faɗa musu. Mace ta ƙara gishiri a miyar wata mace a gabanta, a gaban uwar mijinta kuma, gara ta tashi ta mare ta. Yaya ta cinye akushin nan tas har ta suɗe hannu. Na gani da idona, amma zuciya ba ta bar ni na lissafa da shi ba. Na ce a raina ta je Makka ta dawo tana raina girkinmu.

Ba a yi wata biyu ba ta buɗe sana'a a soron gidanmu na gado. Ta jera tukwane biyar a buɗe, ba murfi. Mutum ya shigo, ya leƙa, ya nuna wadda yake so da yatsa, a zuba masa, ya zauna a tabarma ya ci a nan. Wanmu Malam Inuwa kamar ya haɗiyi zuciya. A lokacin tuwon saye aike ake yi a sayo, a rufo shi da ƙyalle a shigo da shi kamar kayan sata. Namijin da aka gani yana ci a waje, ko dai gwauro ne ko matarsa ta gaza. Balle a ce magidanci ya sunkuya yana leƙen tukunya. Yaya ta ce masa Sitti Amina ta ba ta labari a garuruwansu haka ake yi, miji da mata da yara su fita su ci a rumfar mai abinci, ba wanda ya ce uwargida ta gaza. Ya ce nan Kano ce. Ta ce ta sani, a nan aka haife ta, kuma soron nan da rabonta a ciki. Marina daga Ƙofar Mata su suka fara zuwa, sai dukawa, sai fatake. Daga baya har masu rawani, sai dai su sukan waiga hagu da dama kafin su shige.

Ranar da ta fara, ta aiko mini da akushi. Na mayar ban buɗe ba. Ƙaramar salla ta aiko, babbar salla ta aiko, duk na mayar. In mun haɗu a gidan suna, "Ina wuni, Yaya," "Lafiya lau, Dije," shi ke nan. Haka muka ci shekara uku, tsakanin gidana da nata bai kai tafiyar da tuwo zai huce ba.

Yanzu nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga garin nan a yau. Masu shayi sun kafa tebur a bakin kowace hanya, magidanta suna zaune a benci suna tsoma burodi, ba mai waige. Mijin 'yata akawu ne, ya ce a Sabon Gari akwai otal da ake zama a kujera a ci da cokali mai yatsu. Alhazai ma yanzu jirgin sama ke ɗibarsu, su je su dawo ba su ɗanɗana girkin kowa ba. Na san ba za ta yi mamaki ba. Abin da zai ɓata mata rai shi ne tukunya tana can bayan labule, a miƙo maka abin da ba ka gani ba. Takan ce mai abincin da ya ɓoye tukunyarsa ya san abin da ya zuba.

Abin da ya kai ni gidanta ba kirki ba ne, faɗa ne. A wani gidan biki wata mata ta ce mini, cikin wasa wai, ai ni na fi ƙarfin tuwon saye, shi ya sa nake mayar da akushin yayata. Da safe na nemi izini na yafa mayafi. Na iske ta tana kwashe shinkafa, ƙafafunta duk sun kumbura. Kafin in buɗe baki na hango cikin soron ta bayan asabari. A gaban kowane mutum akwai ɗan ƙoƙo. Wani marini, hannunsa shuɗi har gwiwa, yana matsa lemon tsami a nasa, na kusa da shi yana tula yaji yana tsokanarsa wai bakinsa na jarirai ne. Kowa yana ƙara abin da yake so a girkin Yaya, a gabanta, ita kuwa ko a jikinta.

Na ce, "Yaya, kina kallo suna gyara miki miya?"

Ta ce, "To bakina gare su? Ni na dafa, su su ƙarasa. Haka mutanen Sitti Amina suke ci. Wanda ya nemi ƙoƙo zama zai yi ya cinye. Wanda bai nema ba, shi nake tsoro."

Na tsaya riƙe da mayafi. Na tuna mata ranar da ta dawo, da miyar taushe, da maganar uwar mijina. Ta ajiye mara ta dube ni. Wallahi ba ta ma ji maganar tsohuwar ba. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana mafarkin miyar taushe, tawa ce ta fara shiga bakinta. Ita duk zatonta ƙyamar sana'arta nake yi kamar Malam Inuwa, shi ya sa ba ta taɓa tambayata ba, don kada ta ji daga bakina.

"Ke da bakinki kamar reza," ta ce, "a kan gishiri ne za ki kasa faɗa mini?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ce in nuna tukunya. Na nuna wata mai romon kifi da tsamiya, irin na mutanen can. Na zauna a tsakar gida na ci. Ban so tsaminsa ba, na kuwa faɗa mata. Ta yi dariya ta ce ai da haka na yi tun farko.

Wata bakwai ta ƙara a duniya. Kowace Juma'a ina wurinta. Ranar da ta rasu, marina da dukawa da suka zo gaisuwa sun fi danginmu yawa, Malam Inuwa yana karɓar ta'aziyyarsu kansa a ƙasa. Soron yanzu wani tela ne a ciki. Mata biyu a unguwar sun ɗauki jeren tukwane a buɗe, kuma ba wanda ya ƙara kiran mai ci a wurinsu gwauro. Wannan shi ne abin da ya rage nata, ko da yake masu cin ba su san daga wace ƙasa abin ya taso ba.

Ni abin da ya rage mini kaɗan ne. Duk labarin da na ba ku na Makka da Sitti Amina da mutanen Filifin, a Juma'o'in wata bakwai ɗin nan na ji shi. Ba mu ko kai rabi ba. Yadda mijinta ya rasu, da inda aka binne shi, da abin da ya hana ta dawowa tun da wuri, ta ce za ta faɗa mini in ta ji sauƙi. Ta tafi da su. In jikokina suka tambaye ni ba ni da amsa, kuma ba uwar mijina ce ta ja ba, ni ce. Allah ya jiƙan Yaya Rakiya, ya haskaka makwancinta.