Sunan da Tanko Ya Kira

Ran nan da safe Inna, uwata, tana daka dawa, ni ina tsince mata tsakuwa tana yi mini tsiyar nawa. Kaka ce, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Gidanmu na gona ne, yamma da Ƙarfi. A sashen Baffa, ƙanen babana, ɗansa Tanko yana kwance da zazzaɓi. Yaron nan ya fi sabawa da Inna a kan uwarsa, ita ke dama masa kunu.

Da hantsi muka ji ƙarar kuge. Baffa ne ya ɗauko mai maganin mayu. Mutumin ya turara garwashi a ɗakin Tanko, ya ce a yi shiru, wanda yaron ya ambata shi ya kama kurwarsa. Muka yi shiru. Tanko ya buɗe baki ya kira Inna.

Da taɓarya a hannunta suka janyo ta. Suka kwantar da yaron a tsakar gida, suka tuɓe mata zane a gaban surukanta.

"Tsallake shi! Saki kurwarsa!"

Ta tsallake. Suka tura kanta cikin hayaƙin barkono, ta sake tsallakewa tana tari. Sai mutumin ya nuna ni, ya ce maita a nono ake shanta. Aka tuɓe ni. Ƙafata ta taɓa cikin Tanko, zafi kamar tukunya. Babana yana tsaye jikin rumbu, bai ɗaga kai ba. Har yau ina jin haushinsa.

Rana ta take Tanko ya cika. Na ji ihun uwarsa, sannan na ji ƙarar taɓaryar Inna, ba a turmi ba.

"Lami, gudu!" Muryar Inna ce.

Na faɗa gonar auduga ba zane. Na yi ta gudu har ihun ya ɓace. Da la'asar wasu masu jakuna da za su kai auduga Funtua suka tsince ni. Ɗayansu ya yafa mini buhu. Ba su tambaye ni kome ba. Washegari suka ajiye ni wurin Iya Gambo, mai tuwo kusa da injin gurzar auduga.

Na daɗe ban warke ba, don ni kaina na yarda akwai abin a cikina. Ba na kallon yaro. Ba na gaya wa yaro sunana. In aka soya barkono sai a same ni ɓoye bayan randa. Iya ba ta lallashi. Ta ce ita ba ta ciyar da mai zaman banza, ta ɗaura mini jikanta Sule a baya.

Damina ta uku zazzaɓi ya kama Sule. Ina wanke-wanke na ji ya kira sunana. Na saki kwanon na nufi ƙofa. Iya ta riƙe mini hannu gam.

"Ina za ki? Yaro mai gyara masa ciki yake kira. Shiga ki ba shi kunu."

Na shiga ina kuka. Ya sha. Ya tashi.

Na yi aure, na haifi biyar. In ɗayansu ya kwanta ya kira ni ina zuwa, amma sai na tsaya bakin ƙofa tukuna na saurari tsakar gida. Ƙarfi ban koma ba. Ban san inda aka binne Inna ba, ko an binne ta. Autata yanzu ta wuce shekarun Inna na ran nan.