Kura Mai Muryar Aro

Ni dillalin hatsi ne, kuma a sana'armu fuska ba ta motsi sai da dalili. Shi ya sa da jikana Nura ya zo daga Zariya ya ce fuskata yake so ya ɗauka, na ce masa ya makara, rana ta riga ta cinye ta a kasuwar Dandume. Aikinsa haɗa katun na yara. Ya tono wani tsohon kaset a akwatina mai ɗauke da muryar kakata, Iya, yana so ya sa tatsuniyarta a bakin wata kura da ya zana a kwamfuta. Muryar tana nan. Amma yadda Iya take juya baki da ido, duk waɗanda suka gani sun tafi sai ni, kuma ko hotonta ba mu da shi.

A Gozaki na tashi. Lokacin cirar auduga kowa a gona yake wuni, har Iya da tsufanta. In an ci tuwo sai a hura karan dawa can gefen tsakar gida, nesa da ɗakin da aka jibge auduga, don babanmu ya fi tsoron tartsatsi fiye da ɓarawo. Mu kewaye wutar muna ɓare gyaɗa. Iya ba ta taɓa fara tatsuniya da daɗin rai ba. Sai ta miƙe ƙafa, ta sa a danna mata baya, ta yi mita.

"Ku dai ba ku san gajiya ba. Ni yau ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani."

Mukan ci gaba da ɓare gyaɗarmu, don mun san halinta. Can sai ta ce, "To, ga baƙuwa a ƙofa, wa zai ba ta tabarma?" Mu ce ta shigo.

Wadda muka fi so ita ce ta kurar da ta gaji da farauta ta koma ciniki. Ta kasa dusa da harawa a bakin hanya don awaki su zo saye ta cafke su. Sai dai da ta buɗe baki za ta yi talla, kowa ya watse. Don haka ta kama kurciya ta ɓoye a cikin mayafinta, ta ce, ke yi magana, ni in motsa baki.

A nan Iya takan kira yayata Talatu ta zauna a bayanta, ta lulluɓe ta da zane. Daga cikin zanen Talatu ta ce da siririyar muryarta, "Sannunku da zuwa, 'yan uwa, ku matso, harawar bana ce." Iya kuwa tana motsa leɓe ba sauti, ba haƙori ko ɗaya a gaba, ta lumshe ido kamar sabuwar hajiya. Da farko baki da murya tare suke tafiya. Da wani ɗan akuya mai ƙiba ya matso, sai bakin ya fara makara. Talatu ta gama gaisuwa, Iya tana can tana haɗiyar yawu, muƙamuƙi yana ta aiki. Mu faɗi muna dariya. Sai wata tsohuwar tunkiya ta ce wa 'ya'yanta, "Ku ja baya. Murya ta gama sannu, baki bai gama ba." Awaki suka gudu, kurciya ta sulale ta tashi, kura ta kwana da dusa.

Baba Rasaki, abokin babanmu, Bayerabe haifaffen Funtua mai gyaran rediyo, shi ya zo da rikoda wata shekara da kaka ya ɗauki tatsuniyar. Iya ta ce in akwatin zai ci maganarta, to ya biya da goro.

Na ci abinci da tatsuniyar nan shekara da shekaru. Mutum ya zo yana rantsuwa masararsa ta bushe, ni kuwa bakinsa nake kallo. In ya gama magana leɓe bai kwanta ba, sai in sa a zazzage buhun. Na ɗauka abin da Iya ta bar mini ke nan.

Nura ya zaunar da ni a falo, ya yi mini ɗige-ɗige da baƙin alƙalami a goshi da kumatu da gefen baki, ya kifa mini wata hular kwano mai ɗan ƙarfe da ya riƙe kyamara daidai hancina. Ya toshe mini kunnuwa da abin sauraro. Aikina in bi muryar Talatu da baki, kurar da ke kwamfuta ta kwaikwaye ni. Tun hantsi muke abu ɗaya har la'asar ta yi sanyi.

"Alhaji, ka saki fuskar nan, ba ciniki muke yi ba."

"Wadda na gada ke nan. Kai ma ita ke jiranka, ɗan nema."

"Kuma bakinka yana makara. Zan gyara shi ya zo daidai da muryar."

"Ka gyara, ka kashe tatsuniyar. Makarar ita ce kurar."

Ya yi tsaki irin na jika, ya mayar da kaset baya. Wuyana ya ƙage, muƙamuƙina yana ciwo, na daina ƙoƙari, na tsaya ina sauraro kawai. A nan na ji abin da ban taɓa ji ba, don da rediyo nake kunna kaset ɗin, ba a cikin kunne ba. Ƙarƙashin muryar Talatu akwai wani sauti, shiga da fita, kamar ana jan buhu a kan siminti. Numfashin Iya ne. Duk inda Talatu take magana, Iya tana neman iska. In aka zo wurin da za ta karɓa, sai ta yi ɗan tari a ɓoye ta ci gaba.

Ashe ba don ta ba mu dariya kaɗai take kiran Talatu ba. Ta wuni a sunkuye cikin auduga, ƙirjinta ba zai kai ta ƙarshen tatsuniya ba, ga yara sun zuba mata ido. Sai ta nemi wadda za ta riƙe mata rabin maganar, ta biya sauran da fuska. Ni da nake taƙama da karanta bakin mutane, na zauna gabanta damina da rani ban karanta wannan ba. Sai da na kai shekarunta, na gaji irin gajiyarta.

Nura ya ga na kasa kunne ga sautin. Ya ce wata ƙara ce a kaset ɗin, tsufa ne, yanzu zai wanke ta muryar ta fito tas.

Na ce masa tsufa ne kam, amma kada ya taɓa ta. Na gyara zaman hular, na ce ya sake kunnawa, kuma wannan karon ya ja kyamarar baya kaɗan, ta ɗauki har ƙirjina.