Kurkunun da Na Naɗe a Bakin Gona

Da bakina na kusa ɓata aikin. Na ce wa wani tsoho "saura kaɗan" don in yi kama da wanda ya san abin da yake yi, alhali ban san komai ba.

Daminar da na gama firamare ce. Babana ya kai ni wurin malamin ɗakin shan magani na garinmu, can gefen Malumfashi, ya roƙe shi ya ba ni abin yi kafin in rushe masa gida. Malam dogon mutum ne marar yawan magana, in ya yi dariya bana sai a jira baɗi. Aikina shara, ɗebo ruwa, dafa almakashi da naɗe bandejin da aka wanke. Amma ni a raina tuni na wuce nan. Ina shara ina ganin kaina cikin farar riga da farin gajeren wando da safa har gwiwa, bisa keke mai ƙararrawa, kaji suna ba ni hanya, masu tallar fura suna manta da cinikinsu. Ko audugar asibiti na taɓa sai hankalina ya tafi. Sai in ce ai tamu ce, ta gonar babana, wadda aka kai Funtua aka gurza, jirgin ƙasa ya ɗauke ta, ta haye teku ta yi wanka a ƙasar Turawa, ta dawo fara sol har ba ta gane ni ba.

Bayan kaka akan ɗauki yara koyon ɗaurin miki a babban asibiti, kuma Malam ne ke aika sunan wanda ya ga ya dace. Ya riga ya gaya mini ba ya aika sunan yaron da hannunsa ya fi hankalinsa sauri.

Ana cikin haka wani tsoho Bamaguje ya zo kan jaki daga unguwarsu ta bayan rafi, da kurkunu a idon sawunsa. Kurkunu tsutsa ce fara, siririya kamar zaren kaɗi, wadda ake samu daga shan ruwan tafki. In ta leƙo daga ƙafa ba a fizge ta. A kan tsinken ashana ake naɗe ta, yau kaɗan gobe kaɗan. In ta tsinke, abin da ya rage a ciki ya kumbura ƙafar, mutum ya kwanta damina ta wuce shi. Malam ya kama kan, ya yi naɗin farko ina kallo, sannan ya miƙo mini.

"In ka fito da shi bai tsinke ba, zan aika sunanka."

Daga ranar kurkunun nan ya zama nawa. Kullum da hantsi in sa ƙafar tsohon, wanda nake kira Baba, cikin daron ruwan sanyi, in jira, in murza tsinken a hankali har in ji abin ya cije, sai in tsaya. In shafa maganin aidin, in sa auduga, in ɗaure. Baba yana kirana likitan gobe, yana cewa hannuna ya fi na matarsa taushi amma bakina ya fi nata tsawo. Ni kuwa da yamma a dandali sai in gaya wa abokaina cewa kurkunun da nake ja, kansa na hannuna, wutsiyarsa tana Bakori tana cin kasuwa.

Kowace rana Baba sai ya tambayi saura nawa, don ciyawa ta fara cin dawarsa. Kowace rana Malam sai ya ce Allah ne masani. Ni amsar ba ta burge ni ba, na ga kamar ba ta dace da mai farar riga ba. Ranar da Malam ya tafi ƙauye yin lambar rigakafin agana, Baba ya sake tambaya. Na ɗaga ƙafar, na ƙanƙance ido, na danna nan na danna can, na ce masa saura kaɗan.

Washegari babu Baba. Washegarin washegari ma babu ko jakinsa. Malam ya tambaye ni abin da na gaya wa tsohon, na faɗa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya zuba aidin da auduga da bandeji a 'yar jaka ya rataya mini, ya ce manomin da aka gaya wa saura kaɗan zai ga ai ƙarasawa ba sai da likita ba. Ya ce in yi sauri.

Hanyar unguwarsu ta ratsa gonaki ne. An yi ruwa da asuba, ƙasa tana ƙamshi, gero ya fi ni tsawo, raɓa tana jiƙa mini wuya. Ina tafe ina ganin ƙafar Baba ta kumbura ta kai turmi, daga turmi ta kai rumbu, har ana ɗora mata jinka. Farin wandona kuwa na gan shi ya tashi sama kamar balbela, ya bi layin dogo ya nufi kudu, kekena yana binsa babu kowa a kai, ƙararrawa tana kaɗa kanta. Har na fara shirya yadda zan zama ɗan dako a tashar Funtua, in riƙa ɗaga wa audugar babana hannu in za ta tafi wanka.

Na tarar da shi a tsakiyar gona, duƙe da fartanya, yana ɗingishi. Bandejina ya koma launin ƙasa, ya ƙara da wani tsumma a kai. Na durƙusa na gaishe shi, idona na kan ƙafar.

"Baba, kun ja shi?"

"In ja me? Aradu ban taɓa ba. Matata ta so ta ƙarasa, na ce na likitan gobe ne."

Na ce to me ya hana shi zuwa. Ya ce ai ni na ce saura kaɗan, to kaɗan ɗin ya jira a gama maimai, ciyawa ba ta jira. Na sunkuyar da kai na gaya masa gaskiya, ban san abin da ya rage ba, Malam ma bai sani ba. Ya dube ni ya yi dariya har fartanyar ta faɗi. Ya ce shi dai ba zai sake barin gona ba, in ina son tsutsata in riƙa biyo ta.

Haka aka yi. Kullum bayan sallar asuba in ɗauki jaka in ratsa gero. Matarsa ta kawo ruwa a ƙwarya, mu zauna gindin ɗorawa a bakin gona. Na roƙe shi kada ya sa ƙafar cikin tafkin da suke sha, ya ce to. Ina murza tsinke ina kallon gajimare suna tafiya Funtua, Baba yana ba ni labarin shekarar fara. Wata rana tsinken ya ɗan juya, wata rana ya ƙi sam. In ya tambayi saura nawa, don tsokana yanzu, sai in ce Allah ne masani, da muryar Malam.

Kurkunun ya fito ne lokacin da dawa ta fara fid da kai, bai tsinke ba. Tsawonsa bai wuce daga kafaɗata zuwa yatsuna ba. Baba ya gama maimai da ƙafarsa. Malam ya aika sunana bayan kaka, aka ɗauke ni. Wandon da aka ba ni kaki ne, ya yi mini yawa, babu keke, kuma aikina na farko wanke daro.